Yadda Za Ka Gano Matsalar Karɓar Bayanai Bayan Ka Mayar da Shirinka Daga Python Zuwa Java

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini daga masu koyon rubuta manhaja. Wani ya ce, "Malam, shirina yana aiki lafiya lau a Python, na mayar da shi Java layi bayan layi, yanzu kuma yana tsallake tambayar suna." Wani ya ce ya rubuta "eh" shirin ya ɗauka "a'a" ya ce. Wata kuma ta ce da zarar an sa lambar waya sai komai ya tsaya cak. Na sha ganin ɗalibi ya kwana biyu yana sauya lissafi, alhali lissafin bai yi laifin komai ba. Abin da ya shiga cikin shirin ne ya bambanta da abin da yake zaton ya shiga, domin kowane yaren kwamfuta da irin yadda yake karɓar abin da mutum ya buga.

Da ƙaramin shirin adashe za mu yi aiki, ga shi a Python:

```python
adadi = int(input("Mutum nawa ne a adashen? "))
suna = input("Sunanka? ")
waya = input("Lambar waya? ")
zubi = int(input("Nawa za ka riƙa zubawa? "))
print(suna, "zai kwashi", adadi * zubi)
```

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Kana buƙatar Python 3, da JDK, wato kayan haɗawa da tayar da shirin Java, 17 ko 21 duk sun wadatar, da taminal, wato tagar da ake buga wa kwamfuta umarni, da kowace manhajar rubutu ko da Notepad ce. Duk kyauta ne. Kuɗin data kawai za ka kashe, JDK yakan ci kusan megabait 200, Python kuwa bai kai rabin haka ba. Wanda ba shi da kwamfuta yana iya bin matakan a wayar Android ta cikin Termux, manhajar taminal ta waya, ya buga `pkg install python openjdk-17`. Tun daga Java 11 ana iya tayar da shiri mai fayil ɗaya kai tsaye da `java Adashe.java`, ba sai an bi ta `javac`, umarnin da ke fara haɗa shirin, ba.

1. Ajiye na asali, kada ka taɓa shi

Shirin Python ɗinka shi ne ma'auninka. Ka ware shi a wata jaka daban, kada ka gyara ko waƙafi ɗaya a ciki har sai ka gama. Idan ka fara gyaran biyun a lokaci guda, ba za ka ƙara sanin wanne ne daidai ba.

Hattara: ka tabbatar da Python 3 aka rubuta shi. Akwai tsofaffin littattafai da darussa masu amfani da Python 2, wanda aka daina kula da shi tun 1 ga Janairun 2020. A can `input()` yana ɗaukar abin da aka buga a matsayin umarni ya aiwatar da shi, `raw_input()` ne ke dawo da rubutu zalla. Idan ka ga `raw_input` a shirin, ka fara daidaita shi zuwa Python 3 tukuna.

2. Daina bugawa da hannu, zuba amsoshin a fayil

Muddin da hannu kake buga amsoshi a kowane gwaji, yau za ka sa sarari bayan suna, gobe ba za ka sa ba, matsalar ta riƙa zuwa tana ɓacewa. Buɗe sabon fayil ka sa masa suna `gwaji.txt`, kowace amsa a layinta:

```
10
Ɗanladi Ƙaura
08012345678
5000
```

Da gangan na zaɓi suna mai kalma biyu da haruffa masu ƙugiya, da lambar waya mai farawa da sifili. Sai ka ciyar da fayil ɗaya ga shirye-shiryen biyu:

```
python adashe.py < gwaji.txt > py.txt
java Adashe.java < gwaji.txt > java.txt
```

Kwatanta sakamakon da `diff py.txt java.txt` a Linux ko Termux, ko `fc py.txt java.txt` a Windows. Layin farko da suka saɓa, nan za ka fara bincike.

Hattara: alamar `<` ba ta aiki a PowerShell. Ka buɗe cmd, ɗayan taminal ɗin Windows, ka yi a can, ya fi sauƙi.

3. Ga abin da ya shiga da idonka

Wannan matakin shi ne ƙashin bayan aikin gaba ɗaya, kuma shi ne wanda ɗalibai suka fi tsallakewa. Bayan kowane layi da ke karɓar amsa, ka sa shirin ya nuna maka abin da ya karɓa, a tsakanin alamomi biyu, tare da tsawonsa. A Python:

```python
print(repr(suna), len(suna))
print([ord(c) for c in suna])
```

A Java:

```java
System.out.println("[" + suna + "] tsawo=" + suna.length());
suna.chars().forEach(c -> System.out.print(c + " "));
```

Amfanin alamomin biyu shi ne sarari da rubutu mara komai ba sa ganuwa a allo, amma `[]` da `[Ɗanladi ]` suna ganuwa. Layi na biyu kuma yana fito da lambar kowane harafi. Lambobi biyar ya kamata ka haddace: 10 alamar sabon layi ce, 13 abokiyar tafiyarta ce a fayilolin Windows, 32 sarari ne na yau da kullum, 160 wani sarari ne da ke maƙalewa idan an kwafo rubutu daga shafin intanet ko takardar Word, 65279 kuma wata ɓoyayyar alama ce da wasu manhajojin rubutu ke sawa a farkon fayil. Duk inda ka ga ɗaya daga cikinsu a wurin da ba ka sa ta ba, ka kama ɓarawonka.

Ina roƙonka kada ka wuce nan da zato. "Ai na san abin da na buga" ita ce maganar da ta fi ɓata wa masu koyo lokaci.

4. Ragowar Enter: dalilin da ya sa ake tsallake tambaya

Mafi yawan masu koyo haka suke fassara layukan farko:

```java
Scanner sc = new Scanner(System.in);
int adadi = sc.nextInt();
String suna = sc.nextLine();
```

A ido daidai yake. Amma bari mu bi abin da ke faruwa a hankali. Mutum ya buga 1, ya buga 0, ya danna Enter. Abu uku ne suka shiga layin jira: `1`, `0`, da alamar sabon layi. `input()` na Python yana kwashe ukun gaba ɗaya, ya yar da alamar, ya miƙa maka "10". Shi kuwa `nextInt()` lambobin kawai yake ɗauka, ya bar alamar tana zaune. Da `nextLine()` ya zo, aikinsa shi ne ya karanta har zuwa alamar sabon layi ta farko, sai ya tarar da ita a bakin ƙofa, ya dawo da rubutu mara komai ba tare da ya jira kowa ba. Gwajin mataki na 3 zai nuna maka `[] tsawo=0`.

Daga nan komai yake zamewa da layi ɗaya. Sunan ya faɗa gurbin lambar waya, lambar waya ta faɗa gurbin zubi, shirin ya mutu a layi na huɗu, kai kuma ka tafi neman laifi a layi na huɗu alhali a na farko aka yi ɓarnar.

Za ka ga ana ba da shawarar ƙara `sc.nextLine();` guda bayan kowane `nextInt()` domin ya share ragowar. Yana aiki, amma ban cika son sa ba, saboda ranar da ka manta da shi a wuri ɗaya matsalar ta dawo. Abin da na fi so shi ne ka yi yadda Python ke yi: kowace amsa ka karanta layinta sukutum, sannan ka juya ta zuwa lamba.

```java
int adadi = Integer.parseInt(sc.nextLine().trim());
String suna = sc.nextLine().trim();
```

Hattara da `sc.next()`. Wasu kan gudu zuwa gare shi don ya daina tsallakewa, amma kalma ɗaya kawai yake ɗauka. Zai ba ka "Ɗanladi", ya bar "Ƙaura" ta shiga tambaya ta gaba.

Irin wannan ciwon yana C++ idan `getline` ya biyo bayan `cin >>`, yana C idan `fgets` ko `scanf("%c")` ya biyo bayan `scanf("%d")`. Magani ɗaya ne, a karanta layi a juya shi. Sai dai `fgets` yana haɗo maka da alamar sabon layin a ƙarshen rubutun, kai za ka cire ta. `gets` kuwa kada ka kusance shi ko da ka gan shi a tsohon littafi, an cire shi daga ƙa'idar C tun 2011 saboda ba ya duba ko wurin ajiyar ya isa.

5. Juya rubutu zuwa lamba: kowa da abin da yake yafewa

`int(" 42 ")` a Python yana ba da 42, ya yafe sararin. `Integer.parseInt(" 42 ")` a Java yana jefo `NumberFormatException`. Shi ya sa na sa `trim()` a sama. Amma akwai inda `trim()` ba ya kaiwa: sararin nan mai lamba 160. `strip()` na Python yana cire shi, `trim()` na Java ba ya cirewa, haka ma `strip()` da aka ƙara a Java 11. Idan ka gan shi, sai ka sauya shi da kanka: `layi.replace('\u00A0', ' ').trim()`.

Mutanenmu da yawa 5,000 suke rubutawa da waƙafi, wasu ma N5000. Python da `parseInt` duk za su ƙi. Ka yanke shawara tun wuri: ko ka cire waƙafin kafin juyawa, ko ka sake tambaya. Ga aikin da nake sawa a kowane shiri irin wannan:

```java
static long karantaLamba(Scanner sc, String tambaya) {
    while (true) {
        System.out.print(tambaya);
        String layi = sc.nextLine().trim().replace(",", "");
        try {
            return Long.parseLong(layi);
        } catch (NumberFormatException e) {
            System.out.println("Rubuta lamba kawai, misali 5000");
        }
    }
}
```

Hattara: kada ka yi irin wannan zagayen da `nextInt()`. Idan aka buga "dubu biyar", yana jefo `InputMismatchException` amma ba ya cinye kalmar, tana nan a layin jira. Zagayen zai sake cin karo da ita, ya sake, ya sake, allon ya cika da saƙo ɗaya har sai ka danna Ctrl da C.

Ga 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi masu kwamfutar da aka saita da Faransanci, akwai ƙarin tarko. `nextDouble()` yana bin saitin yaren kwamfutar, don haka 3,5 yake jira, idan ka buga 3.5 sai ya ƙi. Shiri ɗaya ya yi aiki a Kano ya ƙi yi a Maraɗi. `Double.parseDouble` kuwa ɗigo kawai ya sani ko'ina, kamar `float()` na Python, wanda wannan ma wani dalili ne na karanta layi sukutum. Idan masu amfani da shirinka waƙafi suke sawa a madadin ɗigo, to kada ka goge waƙafi kamar yadda na yi a sama, domin 3,5 zai koma 35. Ka mayar da shi ɗigo.

A C, `atoi("abc")` sifili yake dawowa da shi ba tare da ko uffan ba, `strtol` ne ke ba ka damar gane an yi kuskure. A JavaScript, `parseInt("12abc")` yana ba da 12, kuma "5" + "3" yana ba da "53".

6. Lambar waya ba lambar lissafi ba ce

Lambar wayar Najeriya tana da lambobi 11 kuma da sifili take farawa. `int` na Java ba ya wuce 2,147,483,647, wato lambobi goma ne iyakarsa, don haka `Integer.parseInt("08012345678")` zai faɗi. Idan ka koma `long` zai karɓa, amma sifilin farko ya tafi. Lambar Nijar mai lambobi 8 tana shiga `int` ba gardama, sai ranar da wani ya rubuto ta da +227 a gaba. Duk abin da ba za ka tara ko ka ninka ba, lambar waya ce, lambar asusun banki ce, lambar ɗalibi ce, ka bar shi a `String`.

Kuɗi kuma lissafi ne, amma a nan ma iyakar tana cizo. Lambar Python ba ta da rufi, tana girma yadda aka so. Ta Java idan ta cika sai ta zagayo ta ƙasa shiru, babu saƙon kuskure. Ka ce kana ajiye kuɗi da kobo: mutum 50, kowa yana zuba naira 500,000, wato kobo 50,000,000. Python zai ba ka 2,500,000,000. Java da `int` zai ba ka -1,794,967,296. A lissafin kobo, `int` yana ƙarewa ne a wajen naira miliyan 21 da rabi.

Hattara: `long jimla = adadi * zubi;` ba ya magance komai idan `adadi` da `zubi` duka `int` ne, domin an riga an yi ninkin a `int` kafin a zuba shi a `long`. Ɗaya daga cikinsu dole ya zama `long` tun farko. `Math.multiplyExact` kuma yana tsayar da shirin idan lamba ta yi ambaliya, wanda ya fi a ba uwar adashe lissafin ƙarya.

Raba lamba ma ka duba: 7 / 2 a Python 3 yana ba da 3.5, a Java tsakanin `int` biyu 3 ne.

7. Kwatanta amsa

`if amsa == "eh"` daidai ne a Python. A Java `==` yana duba ko abu biyun wuri ɗaya suke a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba ko rubutunsu ɗaya ba ne, don haka amsar da mutum ya buga ba za ta yi daidai da "eh" ba. Rubuta `amsa.equals("eh")`, ko `equalsIgnoreCase` domin "Eh" da "EH" su shiga. A C `strcmp` ne, kuma sifili yake dawowa da shi idan sun yi daidai.

Idan ka gyara wannan kuma har yanzu yana ƙi, koma mataki na 3. A C, sau da yawa lamba 13 ce a maƙale a ƙarshe, saboda an rubuta fayil ɗin a Windows an kai shi Linux. `nextLine()` na Java yana cire ta da kansa, `fgets` a Linux ba ya cirewa.

8. Amsoshi da yawa a layi ɗaya

`split()` na Python ba tare da komai a ciki ba yana yanka a kowane sarari, ko ɗaya ne ko biyar. `split(" ")` na Java idan ya tarar da sarari biyu a jere sai ya saka rubutu mara komai a tsakani, `parseInt` ya faɗi a kansa. Madadinsa shi ne `layi.trim().split("\\s+")`. Ɗigo da sandar `|` suna da ma'ana ta musamman a `split` na Java, sai an rubuta `"\\."` da `"\\|"`. Haka kuma "a,b,," idan an yanka a waƙafi, Python guda huɗu zai ba ka, Java biyu, domin yana zubar da guraben ƙarshe marasa komai sai ka rubuta `split(",", -1)`.

9. Ƙ, Ɗ, Ɓ da Ƴ

Wannan namu ne, kuma darussan waje ba sa kawo shi da haruffanmu. A UTF-8, tsarin da ake ajiye haruffa da shi a kwamfuta, kowane harafi mai ƙugiya bait biyu yake ci, bait kuwa shi ne gurbin da harafi mara ƙugiya ke ci. "Ɗanladi" haruffa 7 ne, `len` na Python 7 zai ce, `length()` na Java 7, amma `strlen` na C 8 zai ce domin bait yake ƙirgawa. Idan ka ware wa suna gurbi daidai yawan haruffa a C, ya yi kaɗan.

Idan kuma ka ga "ÆŠanladi" a allo, ko ƙ ta koma "Æ™", to an karanta rubutun UTF-8 da tsohon tsarin Windows ne. Gwajin mataki na 3 zai nuna 198 da 352 a inda ya kamata a ga 394 guda ɗaya. Sai a Java 18, wanda ya fito a watan Maris na 2022, UTF-8 ya zama abin da Java ke ɗauka kai tsaye, kafin nan saitin kwamfutar yake bi. Kada ka dogara da sa'a, ka faɗa masa: `new Scanner(System.in, "UTF-8")`, ka kuma tabbatar da UTF-8 ka ajiye `gwaji.txt`. A cmd buga `chcp 65001` kafin ka tayar da shirin.

Hattara: Python ma yakan yi wannan kuskuren a Windows idan daga fayil yake karantawa. Tayar da shi da `python -X utf8 adashe.py`, in ba haka ba ma'aunin naka ne zai karkace ka yi ta gyaran Java a banza.

In shirin yana neman suna a cikin jeri, ka tuna a Najeriya 'y ake rubutawa, a Nijar ƴ, wani kuma wayarsa ba ta da ƙugiya ko kaɗan, Danladi zai buga. Ga kwamfuta waɗannan duk sunaye ne daban.

10. Idan amsoshi sun ƙare

Goge layin ƙarshe na `gwaji.txt` ka sake gwadawa. Python zai jefo `EOFError`, `nextLine()` zai jefo `NoSuchElementException`, `readLine()` na `BufferedReader`, wata hanyar karanta layi a Java, kuma `null` zai dawo da shi, wato babu komai, ya fashe daga baya lokacin da ka kira `trim()` a kansa. Duba `sc.hasNextLine()` kafin karantawa a duk zagayen da ba ka san yawan layukansa ba.

Hattara: `Scanner` ɗaya tak za ka buɗe a kan `System.in`, ka riƙa miƙa shi ga duk aikin da ke buƙata, kamar yadda `karantaLamba` ke karɓarsa. Idan ka buɗe biyu, na farko yakan kwashe abin da ke fayil ɗin gaba ɗaya, na biyu ya tarar babu komai. Idan kuma ka rufe ɗaya da `close()`, `System.in` ɗin ne ya rufu har ƙarshen shirin.

11. Tara fayilolin gwaji, sannan ka share alamominka

Fayil ɗaya bai isa ba. Yi guda shida ko bakwai, kowanne da irin fitinarsa: ɗaya da layi mara komai a gurbin suna, ɗaya da "dubu biyar" a gurbin zubi, ɗaya da 5,000, ɗaya da -5, ɗaya da mutum 50 da 50000000, ɗaya da sarari kafin lamba da bayanta, ɗaya wanda ya yanke a tsakiya. Kowanne ka ba Python, ka ba Java, ka yi `diff`. Inda suka saɓa da gangan, kamar inda Python ya faɗi amma `karantaLamba` ya sake tambaya, ka rubuta dalilin a gefen layin domin kada ka manta bayan wata uku.

Gyara ɗaya za ka riƙa yi a lokaci guda, ka sake bi ta kan duka fayilolin kafin gyara na gaba. Da sun daidaita, goge layukan `tsawo=` da na lambobin haruffa da ka saka a mataki na 3, ka bar fayilolin gwajin a jaka ɗaya da shirin. Daga nan ka miƙa wa wanda bai san komai game da shirin ba, ƙaninka ko maƙwabcinka, ka tsaya a bayansa ka yi shiru ka kalli abin da zai buga. Duk amsar da ta kayar da shirin, ka kwafe ta daidai yadda ya buga ta, ka mayar da ita sabon fayil na gwaji.